Adamanten: Guntun Lu'ulu'un da Ya Fito Daga Ɗanyen Mai Ya Shiga Kwalbar Magani

A ɗauki magunguna biyar a jera su a kan teburi: Galvus na masu ciwon suga, Differin da samari da 'yan mata ke shafawa saboda kurajen fuska, memantin da ake ba tsofaffin da cutar mantuwa ta kama, amantadin na masu cutar karkarwa ta Parkinson, sai kuma Synriam na zazzaɓin cizon sauro. Cututtukan nan ba abin da ya haɗa su. Kamfanonin da suka fito da magungunan ma kowa da ƙasarsa, daga Suwizalan har Indiya. Amma in masanin sinadarai ya zana siffar ƙwayar kowane ɗaya a allo, za a ga wani ɗan dunƙulallen keji a jikin dukkan biyar ɗin. Shi ake kira adamanten.

Gawayi da bakin fensir da lu'ulu'u duk abu ɗaya ne a asali, wato kabon. Abin da ya raba su shi ne yadda ƙwayoyin atam ɗin suka riƙe juna. A cikin lu'ulu'u kowane kabon yana riƙe da wasu kabon huɗu, kowanne ya nufi nasa ɓangaren, tsakanin kowane biyu akwai kusurwa mai digiri 109.5, kuma haka tsarin ke ta maimaituwa ta ko'ina ba tare da giɓi ba. Daga nan taurinsa ya samo asali. Idan aka ɗauki lu'ulu'u a matsayin katafaren gini mai ɗakuna iri ɗaya da ba su ƙirguwa, to adamanten ɗaki guda ne da aka yanko daga ginin: kabon 10 da suka haɗu suka yi zobba huɗu masu kusurwa shida-shida, sai haidurojin 16 da suka rufe hannuwan da suka yi saura. Masana na rubuta shi C10H16.

Kada mai karatu ya zaci wani dutse ne mai ƙyalli. Farin gari ne mai ƙanshi irin na kafur, ba ya yanka gilashi, ba ya narkewa a ruwa, amma yana narkewa a mai. In aka bar shi a buɗe, a hankali yake bin iska. Sai dai yana da wata ɗabi'a da ta ja hankalin masana tun ranar farko: ba ya narkewa da zafi sai an kai wajen digiri 270 a ma'aunin Selshiyas. Ɗan'uwansa deken, wanda shi ma kabon 10 gare shi amma a miƙe suke a layi, kuma yana cikin kananzir ɗin da muke zuba wa fitila, ruwa ne tun daga digiri 30 ƙasa da sifili. Kabon goma nan, kabon goma can, amma tazarar ta kai digiri 300. Siffa ce kawai ta jawo haka. A kejin adamanten babu haɗin da aka lanƙwasa ko aka matsa wa. Kowane atam yana zaune inda ya fi masa daɗi.

A 1933 ne Stanislav Landa da abokin aikinsa Macháček, masana sinadarai daga tsohuwar Cekoslobakiya, suka ba da labarin cewa sun tsamo shi daga ɗanyen man da ake haƙa a Hodonín, yankin Morabiya. Abin da suka samu bai wuce 'yan miligiram ba, domin a ɗanyen mai adadinsa yakan tsaya tsakanin kashi 0.0001 zuwa 0.03 cikin 100. Ɗan abin da suka samu ya isa a gane siffarsa, bai isa a yi wani aiki da shi ba. Saura a haɗa shi a ɗakin gwaji.

Wanda ya fara yin hakan shi ne Vladimir Prelog, haifaffen Sarayebo da ya yi karatu a Purag, tare da ɗalibinsa Seiwerth, a birnin Zagreb a 1941. Shekarar ce Jamus ta mamaye Yugoslabiya, kuma kafin ta ƙare Prelog ya tsallaka zuwa Zurik, inda ya ci gaba da aiki har ya sami kyautar Nobel a 1975. Hanyar tasa doguwa ce, mataki bayan mataki, kuma abin da ke fita a ƙarshe kashi 0.16 ne kacal cikin 100 na abin da lissafi ya ce a samu. Ya tabbatar wa duniya cewa ana iya gina kejin. Amma da wannan hanya, adamanten zai ci gaba da zama abin nuna wa baƙi a cikin 'yar kwalba.

Sai 1957. Wani matashin malami a Jami'ar Princeton ta Amurka, Paul von Ragué Schleyer, yana wani bincike da bai shafi adamanten ba. Yana aiki ne da wani sinadari mai arha da ake samu daga rarar masana'antun sarrafa mai, wanda shi ma kabon 10 da haidurojin 16 gare shi, sai dai jerinsu daban. Ya dafa shi da gishirin alminiyam mai kulorin don ya ɗan juya masa siffa. Da ya zo tacewa, sai ya ga wasu fararen ƙwayoyi sun taru a jikin gilashin. Wani zai iya wanke su ya zubar a matsayin datti. Shi ya tsaya ya auna zafin da suke narkewa, ya ga adamanten ne.

Abin da ya faru a tukunyar nan yana da ban sha'awa. Gishirin alminiyam yana sassauta haɗin da ke tsakanin atam-atam, ya ba su damar sauya wuri. Sai su yi ta sauyawa daga wannan siffa zuwa waccan, kuma a cikin duk siffofin da kabon 10 da haidurojin 16 za su iya ɗauka, babu wadda ta kai adamanten natsuwa. Duk ƙwayar da ta faɗa cikin wannan siffa ba ta sake fita. A 1968 wasu masana biyu, Whitlock da Siefken, sun lissafa hanyoyin da sauyin zai iya bi, suka sami aƙalla 2,897, duk suna ɓullewa wuri ɗaya. Da aka ƙara gyara dabarar, abin da ake samu ya kai kashi 30 zuwa 40, daga baya ma ya zarce haka. Abin da ake aunawa da miligiram ya koma ana sayar da shi da kilo.

A ganina nan ne ƙashin bayan labarin, kuma ya kamata masu raba kuɗin bincike a jami'o'inmu su san shi. Daga Landa zuwa Schleyer shekara 24 ce, kuma a tsawon lokacin nan ba wanda zai iya amsa tambayar da aka fi yi wa mai bincike, wato mene ne amfaninsa. Siffar ce ta burge su suka bi ta. Amma bayan ya yi arha, shekara bakwai kawai aka yi magani na farko ya bayyana.

A 1964 masu bincike na kamfanin DuPont suka wallafa a mujallar Science cewa in aka cire haidurojin ɗaya daga kusurwar kejin aka maye gurbinsa da rukunin amino, wato naitirojin ɗaya da haidurojin biyu, sinadarin da ya fito yana hana ƙwayar cutar mura mai tsanani, infuluwenza nau'in A, yaɗuwa. Shi ne amantadin. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1966 da sunan Symmetrel, ya zama ɗaya daga cikin magungunan farko da ɗan Adam ya samu na yaƙi da bairos. Yadda yake aiki sai daga baya aka gano. Bairos ɗin mura yana da wani siririn bututu a ɓawonsa da ake kira M2. Bayan ya shiga ƙwayar jikin mutum, ta wannan bututu tsami ke shiga cikinsa ya kwance masa ɓawo, ya saki ƙwayoyin gadonsa su fara hayayyafa. Girman amantadin daidai yake da faɗin bututun. Yana shiga ya toshe, bairos ya kasa tuɓe ɓawonsa.

Amfaninsa na biyu wata marar lafiya ce ta gano shi. A 1968 wata mata mai shekara 58 da ke fama da cutar Parkinson ta sha amantadin don rigakafin mura. Ta gaya wa likitanta, Robert Schwab na babban asibitin Massachusetts da ke Boston, cewa a makonnin da take shan maganin karkarwa da sandarewar jikinta sun ragu, da ta daina suka dawo. Likitan bai yi watsi da maganarta ba. Ya gwada maganin a kan mutum 163, wajen kashi biyu cikin uku suka sami sauƙi, ya wallafa sakamakon a 1969. Har yau ana amfani da shi, musamman don rage fizge-fizgen gaɓoɓi da kan taso wa waɗanda suka daɗe suna shan lebodofa, babban maganin cutar. A 2012 kuma wani gwaji a kan mutum 184 da suka yi mummunan buguwa a kai har suka daɗe ba sa cikin hayyacinsu ya nuna cewa waɗanda aka ba amantadin sun fi saurin farfaɗowa a makonni huɗun da aka yi ana ba su. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin 'yan haɗarin babur a asibiti ya san nauyin wannan magana. Sai dai magani ne na hannun likita. Ƙoda ce ke fitar da shi kusan yadda ya shiga, don haka yana taruwa a jikin mai ciwon ƙoda da tsoho, ya jawo ruɗewa, gane-gane da kumburin ƙafa.

Me ya sa maganin mura zai yi aiki a ƙwaƙwalwa? Amsar tana jikin kejin. Ƙwaƙwalwa tana da shinge mai tsauri tsakaninta da jini, kuma shingen na maiƙo ne, abin da ke son ruwa ba ya ratsa shi cikin sauƙi. Adamanten kuwa mai son maiƙo ne, ga shi ƙarami, ga shi dunƙule. Duk abin da aka liƙa masa yakan ja shi ya tsallake da shi. Ga kuma tauri: hanta tana da sinadaran da ke farfasa baƙin abubuwa, amma ba sa samun wurin kamawa sosai a jikin kejin, sai maganin ya daɗe a jini. Sannan ba ya lanƙwasa, saboda haka mai tsara magani ya san daidai inda kowane reshe da ya ɗora zai fuskanta. Shi kansa adamanten ba ya warkar da komai. Ɗaukar kaya yake yi, da kāre su, da cike gurbi.

Memantin ƙanen amantadin ne, an ƙara masa ƙananan rassa biyu. Kamfanin Eli Lilly ne ya fara haɗa shi a shekarun 1960 da fatan zai rage suga a jini, bai yi ba. Kamfanin Merz na Jamus ya ɗauke shi ya gano cewa yana rage zumuɗin wasu ƙofofi a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ake kira NMDA, waɗanda in suka daɗe a buɗe suke gajiyar da ƙwayar har ta mutu. Tarayyar Turai ta amince da shi don cutar Alzheimer a 2002, Amurka a 2003. Gaskiyar da ya kamata iyalai su ji ita ce, ba ya warkar da cutar kuma ba ya dawo da abin da ya tafi. Yakan ɗan sassauta ta ga wanda tasa ta yi nisa. Wanda ke jinyar mahaifiyarsa da ta daina gane shi ya cancanci a faɗa masa haka kafin ya sayar da kadara.

Burin Eli Lilly na maganin suga ya cika ta wata hanya bayan shekara 40. Bildagiliftin, wanda Novartis ke sayarwa da sunan Galvus tun 2007, da saksagiliftin da ya fito a 2009 da sunan Onglyza, duk suna ɗauke da kejin. Suna hana wani sinadarin jiki rusa saƙon da hanji ke aika wa saifar suga cewa ta saki insulin bayan an ci abinci. Adafalin na kurajen fuska, da aka amince da shi a Amurka a 1996, kejin ne ya taimaka masa ya zauna a ramin gashi inda kurjin ke farawa.

Wanda ya fi shafarmu shi ne na zazzaɓin cizon sauro, domin Najeriya kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, Nijar ma tana cikin ƙasashen da ya fi yi wa ɓarna. Magungunan da muke dogaro da su yau tushensu artemisinin ne, wanda Tu Youyou da tawagarta suka tsamo a Sin a farkon shekarun 1970 daga wani tsiro ɗan gidan su tazargade. Ƙarfinsa yana cikin wasu atam biyu na oksijin da ke riƙe da juna da haɗi mai rauni. Ƙwayar cutar tana zama cikin jajayen ƙwayoyin jini tana cin sinadarin da ke ɗauke da ƙarfe. Da ƙarfen da ta saki ya taɓa wannan haɗi, sai ya tsinke ya zama guba a cikin cikinta. Matsalar ita ce dole a noma tsiron, kuma farashinsa yana hawa da sauka gwargwadon damina da kasuwa.

Jonathan Vennerstrom na Jami'ar Nebraska da abokan aikinsa, da tallafin ƙungiyar Medicines for Malaria Venture, suka nemi a ƙera irin wannan haɗi gaba ɗaya a masana'anta. Wahalar ita ce haɗin oksijin ɗin yana saurin lalacewa kafin ya isa inda ake so. Sai suka kafa kejin adamanten a gefe ɗaya na zoben da ke ɗauke da shi, ya tare masa hanya daidai gwargwado: ya hana shi tsinkewa tun a hanya, bai kuma hana ƙarfen cikin ƙwayar cutar isa gare shi ba. Sun wallafa aikin a mujallar Nature a 2004. Sinadarin, arterolen, kamfanin Ranbaxy na Indiya ya haɗa shi da fiferakwin ya fito da shi da sunan Synriam ranar 25 ga Afrilu, 2012, ranar zazzaɓin cizon sauro ta duniya. A ƙarshen 2014 ya sami izinin sayarwa a ƙasashen Afirka bakwai, ciki har da Najeriya da Kamaru. Ƙwaya ɗaya ake sha a rana har kwana uku. Bai shiga jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da su ba, kuma bai ture artemisinin daga matsayinsa ba. Amma ya nuna cewa ana iya yin maganin wannan aji ba tare da jiran gona ba.

Wajen asibiti ma kejin yana aiki ba a ganinsa. Kamfanonin da ke zana hanyoyin lantarki a kan 'yan ƙananan faifan da ke cikin waya da kwamfuta suna shafa wani siririn fenti mai jin haske kafin su sassaƙa zanen. Tun shekarun 1990 masu bincike na Fujitsu a Japan suka nuna cewa sa adamanten a fentin yana ba shi juriya, kuma ba ya tare hasken da ake amfani da shi. Wasu injunan gwajin jini suna gano abin da suke nema ne ta wani sinadari mai fitar da haske, wanda kejin ke riƙe da shi kada ya tarwatse kafin lokaci. Masana man fetur kuwa suna auna yawan adamanten da yayyensa masu ɗaki biyu da uku a ɗanyen mai don su san irin zafin da man ya sha a ƙarƙashin ƙasa, domin zafi yana rusa sauran sinadarai ya bar su. Da su ake bin sawun man da ya malala a ruwa a gano daga inda ya fito. A 2003 Jeremy Dahl da abokansa a kamfanin ChevronTexaco suka tsamo manyansu daga mai, har masu ɗaki 11.

Masu mugun nufi ma sun gano shi. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 an sami buromanten, wani sinadarin ƙara kuzari da aka ƙera a Tarayyar Sobiyat, a fitsarin wasu 'yan wasan Rasha. A farkon shekarun 2010 kuma aka fara kama wasu ƙwayoyin maye na roba masu kwaikwayon wiwi da aka ɗora a kan kejin. Baiwar da ke kai magani ƙwaƙwalwa ita ce ke kai guba.

Abin da ya fi damuna a tarihin nan shi ne makomar amantadin a matsayin maganin mura. Harafi ɗaya bairos ɗin ya sauya a bututun M2, a gurbi na 31, maganin ya daina kama shi. A farkon shekarun 2000 nau'in da ya bijire ya fara yawaita a Asiya. A Amurka, a 2004 bai kai kashi 2 cikin 100 na samfuran da aka gwada ba. A farkon 2006 ya kai kashi 91. A watan Janairun shekarar cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce likitoci su daina ba da amantadin da ɗan'uwansa rimantadin don mura. Murar da ta game duniya a 2009 ma da bijirewarta ta zo. Maganin da ya yi shekara 40 yana aiki ya tashi daga aiki cikin 'yan shekaru, kuma bai dawo ba.

Masana sun kawo dalilai fiye da ɗaya. Akwai masu ganin nau'in da ya bijire ya yaɗu ne saboda wasu sauye-sauyen da suka ba shi ƙarfi ta wani fannin. Amma an san cewa a wasu ƙasashe ana sayen maganin kai tsaye cikin haɗe-haɗen maganin mura ba tare da takardar likita ba. A 2005 kuma jaridar Washington Post ta ruwaito cewa masu kiwon kaji a Sin sun daɗe suna zuba shi a ruwan shan kaji. Gwamnatin ƙasar ta musanta cewa da izininta ake yi. Murar tsuntsayen da ta kashe mutane a Biyetnam da Tailan a 2004 ba ta jin maganin. A 2006 Amurka ta haramta ba kaji shi. A watan Fabrairun wannan shekarar ne aka tabbatar da wannan nau'in murar tsuntsaye karo na farko a Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare kuma aka same ta a Magarya ta Nijar.

Mu ma mun taɓa rasa magani ta irin wannan hanya. Kulorokwin ya yi shekaru yana ceton yara, aka yi ta shansa rabi-rabi ga kowane zafin jiki, har Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko a 2005. Yanzu an tabbatar da ƙwayar cutar da ta fara jure wa artemisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya, kuma magungunan da za su gaje shi ba su da yawa. Ina roƙon iyaye: in yaro ya yi zazzaɓi a yi masa gwajin jini kafin a sayi magani, in an fara kuma a cika kwana ukun ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Masu kemis su daina yanka fakiti suna sayar da rabi. Masu kiwon kaji kuma, don Allah, kada a zuba wa kaji maganin mutane a ruwa. A kira malamin dabbobi.